Kwanon Shinkafar Saga

Shekara ashirin da biyu ina auren 'yar Inna, amma ni da surukata ba mu taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa ba. Haka al'ada ta ce, kuma Inna irin tsofaffin nan ce da ba sa ɗaukar wasa a kan al'ada. In na je gidanta a Saga, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule. In gaishe ta da gurgun Zabarmancina, ta amsa da kalma biyu, shi ke nan an gama ziyara. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Da za a ce in siffanta ta, hannunta kawai zan iya, don shi nake gani yana gyara labule.

Amma muna da kwano, ni da ita. Na zo Yamai daga Damagaram ina saurayi, da almakashi da igiyar awo, uwata ta rasu tun ban san daɗinta ba. Juma'ar farko bayan an ɗaura mana aure sai ga wani jan kwano an kawo min shagon ɗinki a Babbar Kasuwa. Shinkafa ce ta fadamar Inna, wadda ta dasa da hannunta a bakin kogi, da miyar kifi, da yankan kabewa, man shanu yana sheƙi a sama. Daga ranar ba a taɓa fashi ba. Ƙanen matata, direban taksi ne, shi ke kawowa bayan an sauko daga masallaci, ya dawo bayan la'asar ya ɗauka. Doka ɗaya Inna ta kafa: kada a wanke mata kwano, ita za ta wanke abinta. Ni dai na ɗauka tsabar tsaftar tsofaffi ce.

Ina son tsohuwar nan, gara in faɗa tun yanzu. Ba ni da wata uwa a duniya sai ita, ko da kuwa abin da ke tsakaninmu labule ne.

To, a shekara ta ashirin da biyun nan, bayan sallar layya, sai zare ya fara raina ni. In kai shi bakin allura ya kauce, in lashe shi in sake kaiwa ya kauce. Ni da nake zira zare ina hira ban ko duba ba. Ga ƙishirwa kamar na yi azumi a watan Afrilu, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, har maƙwabtan shago suka fara tambaya ko na buɗe wani reshe ne a bayan kasuwa. Mai ɗakina ta matsa, na je asibiti aka ɗebi jini aka yi analiz.

Lokotoron mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, amma ta dube ni ta saman tabarau kamar ɗan makarantar da ya zo lekol a makare.

“Baba, me kake ci da safe?”

Na ce burodi da shayi.

“Sukari nawa?”

Na ce ai ba ƙirgawa ake ba, zubawa ake.

“Da rana fa?”

Shinkafa. Da dare tuwon masara. Tsakani kuma fura, sai shayin fada zagaye uku in an zauna da abokai.

Ta ajiye biro ta ce ciwon sukari ne, kuma ya fara taɓa ido. Ta rubuta min magani, sannan ta ce sai na shiga rejim. Shinkafa da tuwo da burodi da fura, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa, don haka in rage su sosai, sukarin shayi kuwa in manta da shi. In yawaita ganye da kifi da ƙwai da gyaɗa. Na ce mata, “Lokotoro, abin da kika lissafa ɗin nan ai shi ne abinci. Sauran duk mahaɗi ne.” Ba ta yi dariya ba. Ta ce tela ba ya ɗinki da kunne, in zaɓa.

A gida ba a sha wahala ba. Mai ɗakina mace ce mai zafin nama, kwana biyu ta juya tukunya. Da safe ƙwai, da rana kwaɗon zogale da tunkuza, wanda Zabarmawa suke kira kopto, da dare miyar kuɓewa ko ta ganye da kifi, sai ɗan loma biyu na tuwo a gefe don kada miya ta yi maraici. Makon farko na yi ta masifa ba dalili, har kaza na zaga a tsakar gida. Amma ƙishirwar ta ja baya, kuma wata safiya zare ya shige allura a karon farko, na tashi na sake zarewa na mayar don in tabbata.

Matsalar ita ce Juma'a.

Na ce wa mai ɗakina ta je ta gaya wa Inna. Ta ajiye muciya ta dube ni.

“Malam, ni ce zan je in ce wa Inna shinkafarta cuta ce? Kai ka je.”

Ta san ba zan iya ba, ni ma na san abin da take tsoro. Mutanen Saga suna da wani ciwo a zuci game da shinkafarsu. Mutanen gari sun fi son farar shinkafar da ake shigowa da ita daga waje, su ce ta gida tsakuwa gare ta, ta talakawa ce. Inna ta taɓa daina gaisawa da wata 'yar'uwarta shekara guda saboda an ga buhun shinkafar waje a ɗakinta. Ni kuwa kullum da ni take yi wa mutane gori, wai surukinta Bahaushe ɗan birni ba ya barin ko ƙwaya. Yanzu in aika mata cewa na daina ci? Duk bayanin da za a yi, abin da za ta ji shi ne na waye.

Sai na yi dabara irin ta wawaye. Juma'a ta zo, ƙanen matata ya ajiye kwano ya tafi, na tsince kifin na cinye, na kira teloli huɗu na layinmu na ce bismillah. Ba su tambayi dalili ba. Kafin in juya sun share kwano tas, har wani yana bin gefe da yatsa. Na rufe na ajiye, ina jin kaina mai wayo.

Haka muka yi ta yi. Ni kuma na fara zubewa. Tumbin da na tara shekara da shekaru ya kama hanya, wanduna suka yi min yawa, na zauna ina rage wa kaina ƙugu kamar kayan aro. A garin nan magidanci bai isa ya rame haka kawai ba. Masu kirki su ce sannu, Allah ya sawwaƙe. Marasa kirki su tambayi mai ɗakina ko an yi faɗa ne. Ƙanen matata, da yake akwai wasa tsakaninmu, cewa ya yi in na ƙara mako biyu zai daina ɗaukata a kujerar taksi, a aljihun gaba zai riƙa saka ni. Ya je ya kai wa Inna labari, Juma'a ta gaba sai ga shi da kwano biyu. Teloli suka yi ta sa wa tsohuwa albarka, har suka gayyato wani mai guga.

A nan maƙwabcina Alhaji, mai sayar da yadi, ya shigo cikin maganar. Alhaji mutum ne da bai taɓa jin abu a waya ya bar shi ya kwana a cikinsa ba. Ya jawo kujera ya ce min ai turawa sun gano an yi wa mai da kitse ƙazafi shekaru da yawa. Ba kitse ke kashe mutane ba, sukari ne da su shinkafa. Wanda ya bar shinkafa, in ji shi, ya sami lasisin cin mai iya son ransa, mai ne zai riƙe shi, yunwa ba za ta kusance shi ba. Ya nuna min wani bature a waya yana jefa man shanu cikin kofi yana sha yana murmushi.

Wallahi ban taɓa gaskata magana da sauri kamar wannan ba. Mutumin da aka raba da tuwo aka ce masa kitse halal ne, ai ba ya neman dalili na biyu. Washegari na zuba cokali biyu na man shanu a shayi. Abin ya yi kama da ruwan wankin tukunya, amma na shanye ina tuna baturen. Na ƙulla abota da wani mai balangu a bakin titi, har ya san ni, ina tsayawa zai ce, “Na maiƙo ko, Malam?” Tantaƙwashi, kitsen gadon baya, wutsiyar rago, awara da aka soya a man da ya yi baƙi saboda tsufa, babu wanda na bari. Mai ɗakina ta ce anya haka lokotoro ta ce? Na ce mata ilimi gaba yake yi, ba ya jiran lokotoro.

Asirina ya tonu ne wata Juma'a da ƙanen matata ya manta wayarsa a kan teburina. Ya dawo bayan minti goma. Ya tarar da ƙarti biyar sun kewaye kwanonin Inna, hannaye na shiga suna fita, ni kuma ina can lungu bayan keken ɗinki da takardar balangu a cinya, maiƙo har gwiwar hannu. Ya tsaya yana kallonmu. Mai guga ma ce masa ya yi bismillah.

Na ja shi waje na fara rantse-rantse, na ce don Allah kada ya gaya mata. Ya ce min, ba da wasa ba wannan karon, “Yaya, ai ba sai na faɗa ba. Tun makon farko ta sani.”

Na ce ta yaya?

“Kabewa. Shekara ashirin kana ture kabewa gefe, kwano ya koma da ita. Ta san ba ka ci, tana sakawa ne kawai don miya. Ran nan ta buɗe ta ga babu kabewa, ta ce wannan ba cin surukina ba ne. Kai daga gefen dama kake farawa, ka bar ƙashin kifi a murfi. Duk ta sani. Don me kake tsammani ta hana a wanke?”

Ashe duk shekarun nan tsohuwa buɗe kwano take ta karanta ni. In na bar saura ta san ba ni da lafiya ko raina a ɓace yake, ta aiko a tambayi 'yarta. Ni kuwa na yi wata biyu ina aika mata da cin wasu ƙarti. Kwano na biyun ma, in ji shi, ta ƙara ne don ta ce wataƙila abokai ke cinye min, bari ta sa wanda zai ishe mu har in samu.

Juma'a ta gaba babu kwano. Da alama ƙanen matata ya kai mata labarin abin da ya gani. Na zauna a shago ina leƙen hanya kamar mai jiran biza. Duk taksin da ya rage gudu sai gabana ya faɗi. Teloli suka zo suna tambaya ko lafiya yau shiru, na kore su da zagi, har da wanda bai ce komai ba. Abin dariya, shinkafar da ba zan ci ba nake jira, amma ranar ko balangun ban iya haɗiya ba. Na ji maraicin da ban ji ba tun ina yaro.

Cikin makon nan na koma asibiti aka sake analiz. Lokotoro ta duba takarda, ta ce sukari ya sauka, ta yaba min. Sannan ta juya shafi.

“Baba, me ka yi wa jininka?”

Na ba ta labarin Alhaji da baturensa. Ta dafe kai. Ta ce kitsen jini ya hau, wanda suke kira kolesterol, kuma tansiyo, wato hawan jini, ma ya motsa saboda gishirin nama. Ta ce gaskiya ne mai ba dodo ba ne, jiki yana bukatarsa, kuma wanda ya rage shinkafa dole ya sami abin da zai riƙe shi. Amma mai iri-iri ne. Na kifi da na gyaɗa da na riɗi daban, kitsen rago kullum daban, man da aka soya abu da shi sau ba adadi kuwa wannan ko maƙiyi ba a ba shi. Man shanu ɗan kaɗan a miya ba laifi, amma ba a shayi ba. “Cewa na yi ka rage shinkafa,” in ji ta, “ban ce ka cinye garke ba.” Ta ƙara da cewa ita ba ta ma haramta min shinkafa ba, ɗan cikin tafin hannu da ganye mai yawa sau ɗaya a mako ba zai makantar da ni ba. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba tun farko? Ta ce ta faɗa, ina can ina makokin tuwo ban ji ba.

Na fito ina zagin Alhaji a zuci, amma na san ba shi ya ba teloli kwanon Inna ba.

Juma'a ta biyu ma shiru. Mai ɗakina ta je Saga ta dawo da jajayen idanu. Ta ce Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Mijinki ya zama babban mutum. Kada mu riƙa ba shi kunya a kasuwa da abincin ƙauye.” Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Lahadi da hantsi na sa babbar riga, wadda yanzu take min kamar laima, na ɗauki takardun asibiti, muka tsallaka gada daga unguwarmu ta Harobanda muka gangara Saga. Lokacin shinkafa ta yi kore shar a fadama, mata sun duƙa suna cire ciyawa. Ban taɓa jin tsoron hanyar nan ba sai ranar.

Na durƙusa a ƙofar ɗaki, na yi gaisuwa, aka amsa da kalma ɗaya. Mai ɗakina ta zauna a dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje, ita ce tafinta. Na ce ta gaya wa Inna na yi laifi, na yi ƙarya, kuma ba raini ba ne, tsoro ne. Na ba da labarin zare da allura, da ƙishirwa, da abin da lokotoro ta ce game da idona. Na tura takardun analiz ta ƙarƙashin labule, ko da yake na san Inna ba ta karatun boko. Hannun nan ya fito ya ɗauka. Na ji tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta yi tambaya da Zabarmanci, a hankali, kuma ban bukaci tafinta ba.

“Wato ni na yi masa wannan? Shekara ashirin ina ba shi abin da ke cin idonsa, yana ci yana shiru?”

Ban taɓa tunanin nan za ta ɗauki maganar ba. Ni ina tsoron ta ji an raina ta, ashe abin da ya fi wannan ciwo yana gaba. Ban san lokacin da na manta da tafinta ba, na ce da Hausa, da ƙarfi, “A'a, Inna, wallahi ba ke ba ce. Sau ɗaya a mako ne naki. Sauran kwana shida ni na yi wa kaina, da burodi da sukarin shayi da haɗama.” Mai ɗakina ta zaro ido, don ban taɓa doguwar magana haka a gidan nan ba. Na ci gaba, tunda na riga na ɓata, na gaya mata abin da aka yarda in ci: kifi, ganye, gyaɗa, mai kaɗan, shinkafa cikin tafin hannu. Har labarin man shanu a shayi na bayar. Na ji wani ɗan sauti a bayan labule, ban sani ba ko tari ne ko dariya.

Ta ce wa 'yarta wani abu, mai ɗakina ta tashi ta nufi madafa. Aka bar ni durƙushe ni kaɗai, gwiwoyina suna kuka, ba halin tashi ba halin zama. Na ji ana hura wuta, na ji ƙamshin kifi. Na ce a raina to, za a ƙunsa mana mu tafi da shi, alhamdu lillahi an huce.

Sai aka ajiye tire a gabana. Gasasshen kifin kogi, kopto, da shinkafa 'yar mitsitsiya a gefe. Na fara neman hanyar zaure inda baƙi maza ke ci. Kawai sai labule ya yaye gaba ɗaya.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce ashe, ba ta kai kafaɗar 'yarta ba, da ido irin na mai ɗakina sak. Ta fito da tabarma ta shimfiɗa ta zauna daura da ni. Na sunkuyar da kai, gumi ya karyo min, na roƙi ƙasa ta tsage in shige. Mai ɗakina ta ce, “Inna, a gabanki?” Inna ba ta kula ta ba. Ta yi min magana da Hausa, Hausar kasuwa mai karye-karye, wadda ban ma san tana ji ba.

“Kwano ya yi min ƙarya. Yanzu da idona zan gani. Ci.”

Na kai hannu. Na gutsiri kifi na sa a baki, na kasa taunawa na kasa haɗiyewa, ga furfura a gemuna amma kunya ta shaƙe ni. Ta yi ta kallona. Da ta ga abin ba zai yiwu ba sai ta yi tsaki, ta jawo tiren gabanta, ta wanke hannu a ƙwarya. Ta fara ɓare kifin tana zare ƙayoyin ɗaya ɗaya, tana tura min tsokar gefena.

“Idonka ba shi da kyau,” ta ce. “Kada ƙaya ta maƙale maka, ɗana.”

Na ci. Hawaye na zuba a kan kopto, ina ci, tana zare ƙaya, har na cinye kifin duka.